Talatin da Ɗaya

A Jidda, bayan Bab Sharif, nake da shago,
faɗinsa bai kai tabarma uku ba.
Keke guda, fanka guda, almakashi,
sai kwamfutar da Sabi'u ya bar mini
ranar da ya ɗaure kayansa ya koma Gusau.

A cikinta awon mutane yake kwance:
wuyan Tanimu, hannun ɗan Bukhari,
cikin wani attajiri da ke ƙara faɗi duk bayan azumi.
Amma in na juya in yanka yadi,
in na tsaya zura zare a allura,
kafin in waiwayo ta rufe fuska,
ta ce: kalmar sirri.

Na rubuta. Ta buɗe. Na ɗauki alli,
na ja layi biyu a kan baƙin yadi,
na ɗago kai.
Kalmar sirri.

Ke baiwar Allah, ni ne dai na ɗazu!
Gumin yatsana bai bushe a jikinki ba.
Ko kare, in ya sha ruwa a kaskonka sau uku,
ya daina yi maka haushi a ƙofa.

Ran Talata na ƙirga da tsinken ashana:
talatin da ɗaya, daga hantsi zuwa lisha.
Wanda ya halicce ni ma
hamsin ya rage, ya mayar biyar.

Ba gajiyar yatsa ke ci mini rai ba.
A garin nan aka binne cibiyata.
Kakana da ƙafa ya zo, shekara tara a hanya,
ya yi noma a Gadarif don kuɗin jirgin ruwa.
Har yau a shingen hanya: igama.
A banki: igama. A asibiti, da zazzaɓi a jikina:
wane ne kai, ɗan wa, nuna.
Ina nunawa, ban taɓa musu ba.
Amma in dawo inuwata,
abin da nake share wa ƙura da gefen rigata
shi ma ya nemi takarda?

Ruwaida ce, 'yar mai gyaran takalma,
ta ji ina faɗa da allo.
Ta aje jakar makaranta, ta hau kan ƙullin yadi,
ta shiga wasu lunguna na na'urar
da ban san akwai su ba.
Ta ce, Baba, minti ɗaya aka ba ta,
shi ya sa take mantuwa kamar kaza.
In cire tambayar gaba ɗaya?

Na yi shiru.
Akwai bashin mutane a ciki.
Akwai sunan wanda ya kawo rigar marigayi ubansa
in rage wa ɗansa saboda salla,
ya ce kada kowa ya ji.
Na ce, a'a, 'yata, bar ƙyaure da sakatarsa.
Gidan da ba ƙofa kasuwa ne.
Ƙara mata haƙuri kawai.

Ta ba ta awa guda.
Ta nuna mini maɓalli biyu:
in za ka masallaci, danna waɗannan, ta kulle.

Yanzu da safe takan tambaya, kamar mai jiran sallama,
in amsa, mu shiga aiki.
Jiya na ɗinka jallabiya tun daga wuya har ƙasa
tana kallona, ido buɗe.

Abu ɗaya ne ban faɗa wa yarinyar ba.
Kalmar, sunan ƙauyen kakana ce,
wanda ban taɓa takawa ba.
Dā ina jifan sa da yatsa cikin fushi.
Yanzu da bai fi sau uku a wuni ba,
a hankali nake taɓa haruffan.

Ruwaida ta ƙi karɓar ko riyal.
Na ce ta bar jakar, zif ɗinta ya mutu.